Nayagara: Ruwa da Hantsi, Gonar Inabi da La'asar

Ɗan 'yar'uwata da ke karatu a Toronto ne ya yanko mana tikitin motar zuwa kallon matsirgar ruwa ta Nayagara, a watan Oktoba, lokacin da ganyen itatuwan Kanada ke rikiɗewa ya koma ja da rawaya kafin ya zube. Kafin ya biya kuɗin ya zo ya same ni da wayarsa a hannu. "Kawu, akwai magana ɗaya," in ji shi. "Da yawa daga cikin motocin da ke kai mutane Nayagara, in an gama kallon ruwa sai su biya ta gonar inabi a ɗanɗana giya. Wannan ma haka take." Na ce ya rubuta musu tun yanzu cewa mu Musulmi ne, ba ma sha, ba kuma za mu zauna a teburin da ake sha ba. Amma in za a bar mu mu zaga cikin gonar ina so ƙwarai, don gidan manoma na tashi. Amsa ta zo a ranar: babu damuwa, sun saba samun baƙi irinmu.

Da sassafe muka shiga motar. Akwai Indiyawa mata da miji, akwai wasu 'yan mata daga Koriya, da Jamusawa, da wani tsoho Ba'amurke da jikarsa. Jagorarmu dattijuwa ce 'yar yankin, mai sanyin murya, wadda ba ta cika kunne da surutu sai inda magana ke da amfani. Daga Toronto zuwa Nayagara kimanin kilomita 130 ne a kan babban titin da suke kira Queen Elizabeth Way, wanda ya bi gefen tafkin Ontariyo ya zagaye ƙuryarsa ta yamma. Mun wuce Hamilton da masana'antun ƙarfenta, sannan a St. Catharines muka hau wata doguwar gada, ta ce mu leƙa ƙasa. Mashigin Welland ke nan, hanyar da aka haƙa wa manyan jiragen ruwa don su kauce wa matsirgar. Ƙofofi 8 gare shi, da su ake ɗaga jirgi ko a sauke shi mataki-mataki tsakanin tafkuna biyu.

A nan ta yi mana bayanin da ya sa na fahimci abin da za mu gani. Manyan tafkuna biyar ne a tsakanin Kanada da Amurka, kuma suna riƙe da kusan kashi ɗaya bisa biyar na ruwan daɗi da ke saman doron ƙasa. Huɗu daga cikinsu, wato Superior da Michigan da Huron da Erie, kusan duk ruwansu ta kogin Nayagara yake fita zuwa na biyar, Ontariyo. Kogin gajere ne, kilomita 58 kacal, amma tafkin Erie ya ɗara Ontariyo tudu da kusan mita 99. Fiye da rabin wannan gangara a wuri guda ake yin ta.

Tun daga nesa muka hango farin hazo ya tashi sama bayan manyan otal-otal. Da muka sauka a Table Rock, ƙarar ce ta fara tarye mu. Ba ta da kaifi a kunne, a ƙirji ake jin ta da tafin ƙafa. Akwai katangar dutse da ƙarfe a bakin ruwan, kuma in ka tsaya a ƙuryarta, 'yan taku kaɗan ne tsakaninka da inda kogin yake karyewa ya faɗi. Na daɗe a wurin. Kafin ya kai baki ruwan yana tafe da gudu amma sumul, kore shar, kana ganin kaurinsa yayin da yake lanƙwasawa a kan dutsen. Da ya lanƙwasa sai ya zama fari fat, ya ɓace cikin hazonsa, ba ka ganin inda yake sauka. Tsigar jikina ta tashi. Babu abin da bakina ya iya furtawa sai Subhanallah, na kuma ji yaron nan a gefena yana maimaita ta. Jagorar ta ce koren daga narkakken ma'adinai da garin dutse yake, waɗanda ruwan ke gogewa yana tafiya da su.

Matsirgar uku ce a haɗe. Babbar ita ce mai siffar takalmin doki, Horseshoe, wadda mafi yawanta ke ɓangaren Kanada, tsayinta kimanin mita 57, kuma ta nan kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan ke zuba. Sai ta ɓangaren Amurka, da wata siririya kusa da ita da tsibiri ya raba. In tsayi ake nema, Farin Ruwa ta jihar Nasarawa ta fi ta nesa ba kusa ba. Abin da ya ɗaga Nayagara shi ne yawan ruwan da faɗin bakin da yake zubowa.

Daga nan aka gangara da mu zuwa jirgin ruwa. Kowa aka ba shi jar rigar leda. Jirgin da ke tasowa daga gaɓar Amurka mutanensa shuɗi suke sawa, sai ka ga jirage biyu sun gitta juna ana ɗaga hannu. Mun fara bi ta gaban matsirgar Amurka, wadda gindinta ke cike da manyan duwatsun da suka ɓalle suka faɗo. A 1969 injiniyoyin sojan Amurka sun tare ruwan wannan ɓangare na tsawon watanni, daga Yuni zuwa Nuwamba, suka bar dutsen a bushe don su duba ƙarfinsa. An yi tunanin kwashe duwatsun, daga baya aka yanke shawarar a bar su yadda suke. Da jirgin ya kutsa cikin lanƙwasar babbar matsirgar kuwa, magana ta ƙare. Iska ce da feshi ta kowace fuska, injin yana gurnani don kawai ya tsayar da jirgin wuri guda, ruwa ya kewaye mu ta gaba da dama da hagu. Da ƙyar ake buɗe ido. Rigar leda ta kare kafaɗa da ƙirji, amma ƙafar wando da takalmi sun jiƙe sharkaf. Da muka juyo rana ta bugi hazon, bakan gizo ya fito ƙasa-ƙasa a kan ruwan, jikar tsohon nan tana ta miƙa hannu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa bayan mun hau tudu na ji shi. Jagorar ta tara mu ta ce duk wannan ruwan da ya girgiza mu ba shi ne ruwan kogin gaba ɗaya ba. A 1950 Kanada da Amurka sun sa hannu a wata yarjejeniya kan yadda za a raba shi tsakanin masu kallo da masu samar da wutar lantarki. Daga farkon Afrilu zuwa ƙarshen Oktoba, da rana, dole a bar aƙalla kubik mita 2,800 da 'yan kai su zuba a kowace daƙiƙa. Da dare, da kuma duk lokacin hunturu, ana iya rage shi zuwa rabin haka. Sauran ana janye shi tun daga saman kogin, ya bi ta manyan ramuka a ƙarƙashin garin, ya je tashoshin lantarki da ke can ƙasa. Har ana tara wani a madatsai cikin dare, a sake shi da rana lokacin da buƙatar wuta ta yi yawa.

Na yi ta juya wannan magana. Da sun ga dama da sun shanye kogin duka a injin, da sun ga dama kuma da sun bar shi yana zuba a banza don masu ɗaukar hoto. Sai ƙasashe biyu suka zauna suka auna, suka rubuta awa da adadi, kuma shekara 70 da ɗoriya ana bin abin da aka rubuta. Wanda ya fito daga inda ake kwana da zafi a jira wuta ya san darajar wannan. Tarihin lantarki a wurin ma tsoho ne: tun a 1896 aka fara tura wuta daga Nayagara zuwa birnin Buffalo, da fasahar Nikola Tesla da kamfanin Westinghouse, shi ya sa mutum-mutumin Tesla ke tsaye a gaɓoɓin biyu. Rage ruwan ya kawo wani amfanin. A da matsirgar tana cin dutsenta tana ja da baya kusan mita guda a shekara. Yanzu abin ya ragu ƙwarai.

An ba mu lokacin cin abinci. Akwai wani titi mai hawa da ake kira Clifton Hill, cike da gidajen wasanni da fitilu da kiɗa. Mun leƙa muka juyo, don bayan abin da ido ya gani a bakin ruwa wannan hayaniyar ba ta shiga rai. Jagorar ta ba da labarin masu kasada, ciki har da Annie Edson Taylor, malamar makaranta da ta shiga ganga aka sake ta ta faɗa matsirgar a 1901, ranar da ta cika shekara 63. Ta tsira da ranta, ta yi fatan samun abin da za ta riƙe tsufanta, amma cikin talauci ta rasu. Tausayi labarin ya ba ni. Mu dai muka sami gefe a filin ciyawa na lambun Sarauniya Victoria, muka shimfiɗa riguna muka haɗa azahar da la'asar. Daga can alƙibla arewa maso gabas take, abin da baƙon da ya saba fuskantar gabas zai so ya sani tun kafin ya tayar da salla. Babu wanda ya dame mu.

Bayan nan motar ta bi gefen kogin ta yi arewa. Mun tsaya a inda kogin ya matse cikin kwazazzabo, ya yi karo da gaɓa, ya juya yana kewaya kansa kafin ya karya kwana ya wuce. Wata tsohuwar motar igiya tana ratsa samansa tun 1916, aikin wani injiniya ɗan Sifaniya mai suna Leonardo Torres Quevedo. Gaba kaɗan sai ga tashoshin lantarkin suna kallon juna: ta Sir Adam Beck a Kanada, ta Robert Moses a Amurka, wadda aka buɗe a 1961.

A tudun Queenston ƙasa ta yanke a gabanmu. Doguwar gaɓar dutse ce, ƙarƙashinta shimfiɗaɗɗen fili har bakin tafki. Jagorar ta ce a nan matsirgar ta fara, kimanin shekara 12,000 da suka wuce, bayan ƙanƙarar da ta lulluɓe yankin ta narke. Saman dutsen mai tauri ne, ƙasansa mai laushi. Ruwa yana rarake na ƙasa har na sama ya rasa madogara ya karye. Da haka ta ja da baya kilomita 11 zuwa inda muka gan ta da safe, kuma kwazazzabon da muka biyo shi ne sawunta.

A nan kuma ta ba da labarin da ban yi tsammani ba. A watan Maris na 1793, a wannan gaɓar, an ɗaure wata baiwa baƙar fata mai suna Chloe Cooley, aka jefa ta cikin kwalekwale aka tsallaka da ita ɓangaren Amurka don a sayar. Ta yi ihu, ta yi kokawa, mutane suka gani suka kai magana gaban gwamna John Graves Simcoe. A shekarar aka yi dokar da ta hana shigo da sababbin bayi lardin Upper Canada, wanda yanzu yake cikin lardin Ontariyo, ta kuma ce 'ya'yan da bayi za su haifa za su sami 'yanci in sun kai shekara 25. Dokar ba ta 'yanta waɗanda ke cikin bauta a lokacin ba, ba ta kuma dawo da Chloe ba. Amma daga baya wannan kogin ya zama iyakar da bayin da suka gudo daga kudancin Amurka ke tsallakewa su shaƙi iska. Harriet Tubman, wadda ta yi ta komawa tana fito da mutane, a St. Catharines ta zauna a shekarun 1850. Na kalli faɗin ruwan, bai kai a ce wani abu ba, mai ƙarfin murya zai iya kiran na ƙetare. Jikina ya yi sanyi.

Da muka gangara filin sai gonaki suka fara, layi bayan layi na inabi a kan waya, tsakaninsu lambunan tuffa da ceri. Mai tunanin Kanada ƙasar ƙanƙara ce zai yi mamaki. Sirrin yana ga tafkin da tudun da muka baro. Tafkin Ontariyo mai zurfi ne, yana tara ɗumin bazara ya riƙa sakinsa a hankali in sanyi ya shigo, ya kuma jinkirta tohon itatuwa har haɗarin daskarewa ya wuce. Tudun yana tare iskar da ta taso daga tafkin ya mayar da ita, sai ta riƙa zagayawa a kan gonakin, sanyi bai samu ya kwanta a ƙasa ba. Ruwan da muka kalla yana faɗowa da hantsi, shi ne ya taru a tafkin yana raya inabin.

A ƙofar gonar jagorar ta cika alkawari ba tare da ta nuna mu a gaban jama'a ba. Sauran suka shiga zauren ɗanɗano, ita kuma ta haɗa mu da wani ma'aikaci, baƙar fata ɗan Jamaika mai furfura a gemu. Ya ba ni hannu ya ce, "Ɗan'uwa, daga wace ƙasa?" Da na ce Najeriya sai ya yi dariya ya ƙara riƙe hannuna. Tun 1966 Kanada ke ɗauko ma'aikatan gona daga Jamaika, daga baya aka ƙara da Meziko da wasu ƙasashen Karebiyan. Suna zuwa su yi har wata takwas, su koma gida in aiki ya ƙare. Ya ce ya daɗe yana wannan zirga-zirga, da ita ya gina gida ya sa yara a makaranta, amma yaran sun girma ne yana ganin su a waya. Yawancin hannayen da ke daddatsa reshe da tsinkar 'ya'ya a yankin irin nasa ne, ko da yake ba hotonsu ake sawa a takardun talla ba.

Ya zaga da mu. An riga an girbe yawancin layukan, sai wasu da aka lulluɓe da raga tun daga sama har ƙasa, nonnan inabi na rataye a ciki. Na tambaye shi dalili. Ya ce waɗannan ba za a taɓa su ba sai tsakiyar hunturu, ragar kuma don tsuntsaye ce, in ba haka ba ko ƙwaya ba za a samu ba. Da su ake yin abin da yankin ya yi suna da shi, giyar ƙanƙara. Dokar lardin Ontariyo ta ce ba a tsinka sai sanyi ya kai digiri 8 ƙasa da sifili ko ya fi, kuma inabin ya daskare a jikin itacensa. Galibi a Disamba ko Janairu ake samun haka, cikin dare. Ana iya tashin ma'aikata da tsakar dare su fita da fitila, 'ya'yan sun yi tauri suna ƙara in an zuba su a kwando. Nan take ake matse su tun ba su narke ba. Ruwan da ke cikin ƙwayar ya zama ƙanƙara ya tsaya a injin, abin da ke ɗigowa ɗan kaɗan ne mai kauri da tsananin zaƙi. Kamar yadda muke dafa ruwan rake wuta ta kore ruwan ya bar mazarƙwaila, su sanyi ne ke yi musu aikin wutar. Shi ya sa ake sayar da ita a siririyar kwalba da tsada. Daga Jamus dabarar ta samo asali, amma can ba kowace shekara sanyi ke kaiwa ba, a Ontariyo kuwa kusan kullum yana kaiwa. Sunan yankin ya fita duniya a 1991, lokacin da ta gidan Inniskillin ta ci babbar lambar yabo a bajekolin Bordeaux na Faransa.

Ya ɗaga gefen ragar ya tsinko mana 'yan ƙwayoyi na irin da ake kira Vidal. Fatarsa mai kauri ce, shi ya sa yake jure zama a reshe har ƙanƙara ta sauka. Tun a Oktoba zaƙinsa ya kama harshe, da ɗan tsami a bayansa. Na duƙa na ɗebi ƙasar na murza, na duba yadda aka ɗaure rassan a waya, na tambaye shi yadda suke datsa da yadda suke rage ganye don rana ta sami nonon. Ya amsa komai da jin daɗin wanda ba a cika tambayarsa ba. Yaron nan ya ce, "Kawu, kai fa ka manta da mota." Gaskiya ne, da an bar ni da na kai magariba a wurin.

Ban ɓoye wa kaina cewa ƙarshen wannan wahala duka kwalbar da ba zan taɓa ba ce, ba kuma zan yi wa kowa tallanta ba. Amma noma noma ne, kuma na ga mutanen da suka karanci ƙasarsu da iskarsu har suka mayar da sanyin da ke kashe amfanin gona ya zama jarinsu. Tunanina ya tafi Kudan ta jihar Kaduna, inda manoma ke fitar da inabin ci mai kyau. Inabi ba ya jira, in ya nuna dole a sayar ko ya lalace. Hanyoyin halal na tsawaita ransa suna nan, a matse shi a yi lemo, ko a busar a yi zabibi, kuma rana da iskar hunturunmu sun isa wannan aikin.

Da muka dawo farfajiya an ajiye mana kofuna biyu na matsattsen ruwan inabi wanda bai tsima ba, a wani benci a waje, da sanyinsa. Jan inabi ne, mai kauri, ƙamshinsa ya bambanta da na kwali da muka saba saya. Abokan tafiyarmu suka fito suna hira. Matar Ba'indiyen ta ce an ba su kala-kala kaɗan-kaɗan a gindin kofi, an koya musu su duba launi, su juya kofin, su shinshina kafin su kurɓa, akwai kuma bokitin tofarwa ga wanda ba ya son haɗiyewa. Ta ce ta ƙarshen, ta ƙanƙarar, ta yi mata kama da zuma da mangwaro. Mijinta, ashe, shi ma ba ya sha, ya zauna ne kawai a ciki. Da ya ji inda muka je ya ce da ya sani da ya bi mu.

Zangon ƙarshe shi ne garin Niagara-on-the-Lake, inda kogin ke shiga tafki. Ƙaramin gari ne mai tsafta da furanni da kekunan doki. Shi ne babban birnin lardin na farko a 1792, a nan aka yi waccan dokar ta bayi, kuma sojan Amurka sun ƙone shi a Disambar 1813, aka sake gina shi. Daga bakin ruwa ana ganin tsohuwar ganuwar soja ta Fort Niagara a ƙetare, kuma da yake sama ta washe mun hango dogayen gine-ginen Toronto can ƙetaren tafkin.

Ga ɗan'uwa ko 'yar'uwa da za su yi wannan tafiya: a karanta tsarin motar kafin a biya, don akwai waɗanda ba sa biyawa ta gonar inabi sam, akwai kuma waɗanda rabin yininsu a can yake ƙarewa. In akwai gona a ciki, a faɗi matsayi tun farko, a kuma nemi a zaga da mutum cikin shukar. A riƙe safa ta canji. Jirgin ruwa ba ya aiki a tsakiyar hunturu. Wanda ke son tsallaka gadar Rainbow zuwa ɓangaren Amurka sai da fasfo da bizar Amurka, amma babbar matsirgar daga Kanada aka fi ganin fuskarta. Mu mun sayi kwandon tuffa da kwalabe biyu na ruwan inabin a wata rumfa a bakin hanya, muka shiga cunkoson motocin yamma, ba mu isa Toronto ba sai bayan isha'i.